Shekarun da Ingila Ta Koma Faci

Ranar Lahadi 1 ga Yunin 1941, mutanen Birtaniya suka wayi gari da labarin da ba su zata ba. Ministan ciniki, Oliver Lyttelton, ya sanar cewa daga wannan rana kuɗi kaɗai ba ya sayen riga. Duk mai son sabuwar sutura sai ya haɗa da tikitin gwamnati, kuma kowane mutum tikiti 66 ne rabonsa a shekara. Da gangan aka zaɓi Lahadi, domin kantuna a rufe suke, babu halin a yi rububin kwashe kaya kafin doka ta fara aiki. An ɓoye shirin sosai, har ta kai ba a raba littafin tikitin ba tukuna, sai aka ce wa jama'a su yi amfani da tikitin man shafa wa burodi da ke cikin littafin rabon abincinsu. Na ɗan wani lokaci, da takardar mai ake sayen wando a Landan.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya jawo haka. Audugar da masaƙun Lancashire ke sarrafawa ta teku take zuwa, daga Amurka da Masar da Indiya, har da ɗan abin da ake gurzawa a ƙasar Hausa, kuma jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna ta nutsar da jiragen dakon kaya. Ulun da ya samu tsira, kakin soja ake yi da shi. Siliki ya tafi ɗinka laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgin sama. Masaƙa da teloli kuwa ana bukatar hannunsu a masana'antun makamai. Da Japan ta kama Malaya a farkon 1942, roba ma ta yi ɓatan dabo, har zariyar roba ta kamfai ta zama abin tattali, mata da yawa suka koma maɓalli.

Lissafin tikitin shi ne ya fi nuna irin matsin da aka shiga. Kwat ɗin namiji cikakke, wato rigar sama da wando da 'yar shara, tikiti 26 yake ci. Babbar rigar sanyi ta namiji 16. Doguwar rigar mace ta ulu 11, takalminta 5, safa ƙafa biyu tikiti 2. Magidancin da ya ɗinka kwat ɗaya ya sayi rigar sanyi, saura 24 ya rage masa na taguwa da takalmi da safa da kayan ciki har shekara ta zagayo. Kuma wannan shekarar wadata ce, don a 1942 an rage rabon zuwa 48. Abin mamaki, ƙuncin bai kai maƙura ba sai bayan an ci nasara: daga Satumban 1945 zuwa Afrilun 1946, tikiti 24 kacal aka bayar, uku ke nan a wata.

A takarda, dokar adalci ce: attajiri da lebura rabonsu ɗaya. A kasuwa kuwa ba haka abin yake ba. Riga mai tsada da mai araha tikiti ɗaya suke ci, don haka mai kuɗi ya sayi yadin da zai shekara goma, talaka ya sayi wanda wanki uku zai yi masa illa. Ga shi kuma mai kuɗi ya shiga yaƙin da akwatuna cike da kaya. Don toshe wannan ɓaraka gwamnati ta fito da tsarin tufafin da ita ce ke ƙayyade ingancin yadinsu da farashinsu. Ana gane su da tambarin CC41, wasu da'irori biyu da aka yanke wa baki, waɗanda jama'a suka riƙa kwatantawa da cukun da aka gutsura. A 1942 aka nemi manyan masu zanen kaya na Landan, irin su Norman Hartnell da Hardy Amies da Digby Morton da Edward Molyneux, su tsara samfurin da masana'antu za su riƙa bi. Mutanen da a da sai matan fada da na attajirai ke iya biyansu, ga su suna zana rigar ma'aikaciyar kanti.

A wannan shekarar dai gwamnati ta shiga har cikin shagon tela. Doka ta ƙayyade yawan aljihu da maɓalli da tattarar siket, ta hana ado na surfani da leshi a kan kaya da yawa, ta rage tsawon bayan taguwar maza, ta taƙaita safar namiji zuwa inci tara. Kwat mai maɓalli layi biyu ya haramta. Abin da ya fi ɓata wa mazan Ingila rai shi ne hana naɗin ƙafar wando, wannan kalmasar da ake juyowa waje don ado. Mutanen da suka jure ruwan bama-bamai ba tare da ƙorafi mai yawa ba, sai ga su suna kumfar baki a kan ɗan yatsa biyu na yadi. Dabara ba ta yi wuya ba: mutum ya sayi wandon da ya fi ƙafarsa tsawo, ya kai gida a naɗe masa. A 1944 gwamnati ta haƙura ta janye wannan hani.

Duk wannan na sabon kaya ne. Ainihin aikin a cikin gidaje aka yi shi, kuma mata ne suka yi. Ma'aikatar ciniki ta ƙaddamar da gangamin da aka sani da Make Do and Mend, kira ga kowa ya lallaɓa abin da yake da shi ya gyara, kuma a 1943 aka buga ɗan littafi mai wannan suna. Aka ƙirƙiro wata 'yar tsana mai suna Mrs Sew-and-Sew, wadda ke fitowa a jaridu da allunan talla da gajerun finafinai tana koyar da faci, da cike hudar safa, da yadda ake korar asu daga kayan ulu. Aka buɗe azuzuwan ɗinki a makarantu da zaurukan unguwa. Ƙungiyar mata 'yan sa kai ta WVS ta buɗe wuraren musayar kaya, inda uwa za ta kai rigar da ta yi wa ɗanta kaɗan ta karɓo wadda ta fi girma, ba tare da kuɗi ko tikiti ba.

A duba yadda ake yi da tsohuwar rigar sanyi ta saƙa. Za a farke ɗinkin gefe, a nemo bakin zaren, a riƙa ja ana naɗewa a bayan kujera. Zaren yakan fito a murɗe, don haka sai a wanke shi ko a tara shi a kan tururin tukunya har ya miƙe, a shanya, a dunƙula, a sake saƙa wata riga. In bai isa ba a haɗa da ragowar wani launi, shi ya sa rigunan saƙa na wancan zamani suke da ratsi-ratsi da zane kala-kala. Kwalar taguwar namiji in ta cinye, a cire ta a juya cikinta waje a mayar. Zanen gado in ya sille a tsakiya, a tsaga shi biyu, a haɗe gefunan da ke da ƙarfi su koma tsakiya. Mijin da ke bakin daga ya bar kwat a rataye, matarsa ta farke shi ta yanka siket da rigar sama. Sojoji da dama sun dawo gida sun tarar da kayansu a jikin iyali.

Sai kuma kayan da doka ba ta sa wa tikiti ba, waɗanda nan da nan basira ta faɗa musu. Baƙin yadin da ake rufe tagogi da shi da dare don kada jiragen abokan gaba su hango haske ya koma siket. Bargo ya koma rigar sanyi. Hula ba ta cin tikiti, amma ta yi tsada, sai ɗaurin ɗankwali ya yi tashe, musamman a wurin matan da ke aiki kusa da injina. Wadda ta yi sa'ar samun laimar soja ta siliki ko ta nailan ta samu rigar aure da kayan ciki. Har taswirar siliki da ake ba matuƙan jirgin yaƙi don neman hanyar tsira in an harbo su an yanka an ɗinka. Gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan yana ajiye da irin waɗannan kayan ciki, ana iya karanta sunayen garuruwan Italiya a jikinsu. Doguwar safar mata da ta yi wuya, 'yan mata suka riƙa shafa wa ƙafa ruwan da ake sa wa romo ya yi duhu, sannan ƙawa ta ja musu layi a bayan sha-raɓa da fensirin gira, ya yi kamar ɗinkin safa. Matsalar ita ce ruwan sama, kuma Ingila ba ta rasa shi.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan. Matar mai haƙar kwal a Wales ko matar ɗan dako a gabashin Landan ba ta bukatar 'yar tsanar gwamnati ta koya mata faci. Da shi ta tashi, da shi ta rena 'ya'yanta a shekarun fatara na 1930. Waɗanda gangamin ya koya wa sabon abu su ne masu hali. Abin da ya sauya shi ne kunya: facin da a da ake ɓoyewa a matsayin shaidar talauci ya zama shaidar kishin ƙasa. Sai dai nauyin bai sauya wuri ba. Macen da ta wuni a masana'anta, ta bi layin nama da sukari, ita ce kuma ake jira ta zauna da allura da dare.

Ko gidan sarauta bai kuɓuta ba. Da Gimbiya Elizabeth za ta yi aure ranar 20 ga Nuwamban 1947, da tikiti aka sayi yadin rigar da Hartnell ya tsara mata, gwamnati ta ƙara mata 200. Mata daga sassan ƙasar suka aiko mata da nasu ta gidan waya, aka mayar wa kowacce, domin doka ta hana a ba wani tikitinsa. A farkon wannan shekarar ne kuma Christian Dior ya fito da sabon salonsa a Faris: ƙugu a tsuke, siket mai faɗi da tsawo wanda ke lashe yadi ba ƙaƙƙautawa. Jami'an ma'aikatar ciniki suka yi tir da wannan almubazzaranci, matan da suka gaji da tsumulmula kuwa suka yi maraba. Waɗanda ba su da hali suka ƙara wa tsofaffin siket ɗinsu ƙyalle a ƙasa don su yi tsawo. A Maris na 1949 Harold Wilson, wanda ke riƙe da ma'aikatar a lokacin, ya soke tikitin tufafi. Tsarin CC41 ya ci gaba har 1952.

Waɗanda suka rayu cikin wannan matsi yawancinsu ba su yi kewarsa ba. Da kaya suka wadata, sun jefar da tsumma sun rungumi sabo. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suka waiwayo. Tun shekarun 1960 matasan Landan suka fara tonon tsofaffin kaya a kasuwar Portobello suna haɗa su yadda suka ga dama, sannan a shekarun 1970 'yan salon punk, waɗanda shagon Vivienne Westwood da Malcolm McLaren a titin King's Road ya zame musu matattara, suka riƙa yaga riga da gangan suna maƙale ta da fil. A yau akwai masu farautar duk rigar da ke ɗauke da tambarin CC41 a shagunan gwanjo da intanet, suna biyan kuɗi mai kauri. Wasu kuma samfurin takarda na shekarun 1940 suke nema su ɗinka da kansu, su yi ɗaurin ɗankwalin matan masana'anta su tafi bikin Goodwood Revival, inda tun 1998 ake taruwa cikin shigar da. BBC ta fara gasar ɗinki ta The Great British Sewing Bee a 2013, kuma a kowane mako akwai zagayen da ake miƙa wa 'yan takara tsohuwar sutura a ce su mayar da ita wani abu daban kafin lokaci ya cika.