Maganin Haƙoran Jarirai: Tsakanin Kwalbar Kemis da Matsayar Likitoci

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, idan jariri ɗan wata shida ya fara zawo, jikinsa ya yi zafi, yana ƙin kama nono, hukuncin farko daga bakin kakarsa yake fitowa: "Haƙori ne." Daga nan sai a aika kemis a sayo maganin haƙori. Likitocin yara na wannan zamani ba su yarda da hukuncin kaka ba. A wurinsu fitar haƙori tana kawo dalalar yawu, ƙaiƙayin dasashi, rigima da ɗan ɗumin jiki, amma ba ta kawo zazzaɓi mai tsanani ko gudawa. Ina ganin gaskiya tana wajen likitoci. Sai dai tarihin wannan kwalba ya nuna cewa faɗar gaskiyar kaɗai ba ta taɓa raba uwa da ita ba, kuma likitanci kansa yana da hannu a kafuwarta.

A ƙarni na 19 likitocin Ingila suna rubuta fitar haƙori a matsayin sanadin mutuwar yara a rajistar gwamnati. Suna tsaga dasashin jariri da wuƙa don haƙori ya samu hanya, suna kuma ba shi garin kalomel, wanda sinadarin zaiba ne. 'Yan kasuwa sun tarar da cuta wadda masana suka riga suka raɗa wa suna, sai suka ɗura mata magani a kwalba. Mafi shahara shi ne Mrs. Winslow's Soothing Syrup, wanda aka fara sayarwa a jihar Maine ta Amurka wajen 1849. Tallarsa tana nuna uwa cikin natsuwa da 'ya'yanta, kuma lalle yaron da aka ba shi yakan yi shiru, domin mofin ne a ciki, kwalbar kuwa ba ta faɗa ba. Wasu yaran daga wannan barci ba su farka ba.

Abin da ya karya wannan ciniki shi ne tona asirin abin da ke cikin kwalba. A 1905 ɗan jarida Samuel Hopkins Adams ya buga jerin rahotanni a mujallar Collier's yana fallasa magungunan sirri, a 1906 kuma Amurka ta kafa dokar da ta wajabta rubuta sunan mofin, hodar iblis, barasa da makamantansu a jikin magani. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta bi sahu a 1909 da littafin da ya fayyace sinadaran irin waɗannan magunguna da ainihin kuɗin haɗa su. Amma garin haƙori mai zaiba ya ci gaba da shiga bakin jarirai, yana haddasa ciwon da ke sa tafin hannu da ƙafa su yi ja suna saɓa. Sai a 1948 likita Josef Warkany da abokin aikinsa Hubbard suka danganta ciwon da zaiba, kuma da aka janye garin daga kasuwa a shekarun 1950 ciwon ya kusa ɓacewa. A nan ne nake ganin fifikon likitanci yake: ya yi kuskure mai kisa, amma yana da hanyar gano kuskurensa da gwaji. Mai maganin sirri ba shi da wannan hanya, ribarsa ma ta dogara ne ga kada a bincika.

Namu rabon ya zo a ƙarshen 2008. Asibitoci a Legas, Ibadan da Zariya suka fara karɓar ƙananan yara da fitsarinsu ya ɗauke, ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya kai ga maganin haƙori mai suna My Pikin, na kamfanin Barewa da ke Legas. An samu sinadarin dayetilin gilaikol a cikinsa, wanda ake amfani da shi a man birkin mota, ya shiga a madadin sinadarin da ya kamata a narka maganin da shi. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce yara 84 suka rasu, a 2013 kuma kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai. Wannan gubar ce ta kashe mutum fiye da ɗari a Amurka a 1937, ita ce kuma aka samu a magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara kusan 70 a Gambiya a 2022. Abin da ya fi ci mini rai a lamarin My Pikin shi ne, fitar haƙori ba ta buƙatar wannan kwalba tun farko.

Za a iya cewa iyaye mata sun fi kowa sanin 'ya'yansu, kuma sun ga zawo da haƙori suna zuwa tare, haihuwa bayan haihuwa. Ba ƙarya suka gani ba. A wajen wata shida kariyar da jariri ya samo daga jinin uwarsa take raguwa. A lokacin ne yake fara zama da rarrafe, duk abin da hannunsa ya kama sai ya kai baki, takalmi ne ko murfin buta. A lokacin ne kuma ake fara ɗura masa kunu da ruwan randa. Haƙori da cuta sun haɗu a wata ɗaya, sai aka ɗora wa haƙori laifin. Illar wannan fahimta ta fi ta gurɓataccen magani yawa, ko da yake ba a ƙidaya ta: zazzaɓin cizon sauro ya kwana uku ana jiran haƙori ya huda, yaro mai gudawa ruwan jikinsa ya ƙare har maɗigarsa ta faɗa.

Likitan da ya ce wa uwa "haƙori ba ya kawo zawo" ya sallame ta, ya mayar da ita hannun mai kemis ne, domin shi yana bakin layi, yana sauraron kokenta, yana ba da bashi, kuma yana miƙa mata abin da za ta riƙe ta koma gida. A ƙauyuka da dama mai kemis shi ne asibitin. Saboda haka shi ya kamata a fara koya wa cewa zawon ɗan wata shida yana buƙatar ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc da ci gaba da shayarwa, zazzaɓinsa kuma yana buƙatar gwajin jini a ranar da ya fara. Nauyin da ke kan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuwa ya wuce buga lamba a kwali: sai an gwada kowane kaso na sinadarin narka magani kafin ya shiga maganin ruwa na yara.