Dawakan Fenti Na Birnin Lexington Da Mahayan Da Aka Manta

A lokacin zafi na shekarar 2000, mutanen Lexington, wani birni a jihar Kentucky ta ƙasar Amurka, sun wayi gari sun tarar da dawaki 79 tsaitsaye a bakin tituna, a ƙofar bankuna da cikin lambunan shaƙatawa, babu mai haniniya balle harbi. Mutum-mutumi ne, kowanne girman doki na gaske, an ƙera su da faibagilas, wato abin nan mai tauri marar nauyi da ake yin ƙananan jiragen ruwa da shi. Ƙira ɗaya ce aka yi musu, amma kowane doki an danƙa shi ga mai zane daban, wani kamfani ko attajiri ya ɗauki nauyin kuɗin, shi kuma mai zanen ya yi masa irin adon da ransa ya so. Aka sa wa shirin suna Horse Mania, ma'ana haukan doki, aka buga taswira aka rarraba, mutane suka riƙa fita da 'ya'yansu suna bi unguwa-unguwa suna neman dawakan, wanda suka gani su ɗauki hoto su yi masa alama a takarda. Da shekara ta zo ƙarshe aka kwashe su aka yi gwanjonsu a Keeneland, inda aka saba gwanjon dawakan sukuwa masu rai, kuɗin kuma aka zuba su a harkar masu zane da ayyukan taimako.

Dabarar dai ba a Lexington aka ƙago ta ba. A birnin Zurik na ƙasar Suwizalan aka soma, da zakuna a 1986, sannan da shanu kusan 800 a 1998. Wani mai sayar da takalma daga Shikago, Peter Hanig, ya je ya gani, ya koma gida ya zuga hukumar birninsu, a 1999 aka jera shanu fiye da 300 a titunan Shikago. Daga nan abin ya zama yayi, kowane gari ya ɗauki dabbar da yake taƙama da ita: Cincinnati ta ɗauki alade, Balin ta ɗauki beyar. Lexington ba ta sha wahalar zaɓe ba, don kuwa gonakin kiwon dawakan sukuwa ne suka kewaye ta ta ko'ina. An sake yi a 2010 da dawaki 82, shekarar da garin ya karɓi gasar wasannin dawaki ta duniya, karo na farko da aka yi ta a wajen Turai, aka kuma sake a 2022, har da 'yan duƙushi da ɗaliban makarantu suka yi wa fenti.

To, mai karatu, duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya san ba doki kaɗai ake kallo ba. Ana duba sirdi da jalala, amma abin da ake fara tambaya shi ne, wane ne a kai? Dawakan fentin nan babu kowa a bayansu, babu sirdi babu likkafa. A ganina wannan shi ya sa kowa ya so su, domin doki marar mahayi ba ya tsokano wa kowa tsohon miki. Amma taswirar da ake bi a neme su tana ratsa wuraren da mikin yake.

A tsakiyar gari akwai tsohon ginin kotu, a gefensa kuma akwai filin da ake kira Cheapside, wanda kafin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya kasance ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi a jihar. A harabar wannan kotu, a 1911, aka kafa wani doki na tagulla, shi kuwa da mahayinsa: Janar John Hunt Morgan, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren 'yan Kudu masu son a ci gaba da bauta. Wani abin dariya ma, dokin da aka san Morgan da shi goɗiya ce mai suna Black Bess, amma maƙerin, Pompeo Coppini, ya mayar da ita ingarma, wai bai dace a ga jarumi a kan goɗiya ba. Wannan doki ya yi shekara 106 a wurin. Wato dawakan fenti na 2000 da na 2010 duk sun zo sun tafi sun bar shi tsaye. Sai a watan Oktoba na 2017 hukumar birnin ta cire shi, daga baya aka kai shi maƙabartar garin inda kabarin Morgan yake. A 2020 aka canza wa filin suna zuwa na Henry Tandy, wani magini baƙar fata da aka haifa cikin bauta, wanda kamfaninsa ya yi aikin bulon ginin kotun.

Su waye suka hau dawakan da suka yi wa garin suna? A nan ne labarin ya fi ban takaici. Gasar Kentucky Derby, wadda ake yi a Louisville kuma babu sukuwar da ta kai ta suna a Amurka, an fara ta a 1875. Cikin mahaya 15 da suka shiga a ranar, 13 baƙaƙen fata ne. Wanda ya ci, Oliver Lewis, ɗan yankin Lexington ne, wanda ya horar da dokin kuma, Ansel Williamson, a bauta aka haife shi. Ba abin mamaki ba ne, tunda a zamanin bauta su ne 'yan barga, su ke yanko ciyawa, su ke shara, su ke kwana da doki in ba shi da lafiya, saboda haka su suka san halinsa. Cikin gasa 28 na farko, mahaya baƙaƙe sun ci 15.

Babbansu shi ne Isaac Murphy, wanda ya ci gasar sau uku, a 1884 da 1890 da 1891, ya yi kuɗi har ya mallaki katafaren gida a gabashin Lexington, kusa da tsohon filin sukuwar garin da aka rufe a 1933. Amma da kuɗi suka yawaita a sana'ar, sai mahaya farare suka haɗa kai, suna matse baƙaƙe a jikin shinge ana cikin gudu, masu dawaki kuma suka daina ɗaukarsu don gudun asara. Jimmy Winkfield, wanda ya ci a 1901 da 1902, shi ne baƙar fata na ƙarshe da ya ci gasar. Ya tattara ya koma Rasha, daga can Faransa, inda ya rasu a 1974. Bayan 1921 ba a sake ganin baƙin mahayi a gasar ba sai Marlon St. Julien a 2000, shekarar da aka jera dawakan fenti na farko.

Gwanjo ya warwatsa dawakan. Waɗansu suna gonakin attajirai a bayan shinge, waɗansu a cikin ofisoshi, waɗansu kuma har yanzu masu neman su kan ci karo da su a bakin hanya. Idan mai nema ya bi ta gabashin gari zai tarar da ɗan lambun tunawa da Murphy, a yamma kuma akwai titin da aka sa wa sunan Oliver Lewis a 2010.

Shi Murphy ya rasu a 1896 yana da shekara 35, aka binne shi a maƙabartar baƙaƙen fata ta garin, ciyawa ta rufe kabarin har aka manta inda yake. Da aka gano shi, a 1967 aka tone aka kai shi kusa da kabarin Man o' War, shahararren dokin nan da ya ci sukuwa 20 cikin 21 da ya yi, wanda aka gina wa katon mutum-mutumi na tagulla. Daga baya aka mayar da su biyun babban dandalin dawaki na jihar da aka buɗe a 1978, a wajen gari. Matarsa Lucy, wadda aka binne a gefensa, ba a tafi da ita ba, tana nan a tsohuwar maƙabartar.