Kalmar «dummy» da Tarihin Damargu

A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu bi sawun kalmar Ingilishi guda, dummy, wadda ɗalibanmu ke cin karo da ita a rubuce-rubucen masanan Ingila da Amurka game da Nijar. Tushenta shi ne dumb, wato bebe, kuma da wannan ma'ana ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 16. Daga baya ƴan karta suka are ta: a wasan whist da bridge, ita ce kartar da ake bajewa bisa tebur, wani ya buga a madadin mai ita. Faransawa na ce mata le mort, wato matacce. A ƙarni na 19 ta zama sunan mutum-mutumin da tela ke gwada wa riga. Zagi ce kuma, kamar a ce dolo. Mafi yawan ma'anonin nan abu ɗaya suke nufi: wanda ya tsare gurbin wani, amma ba shi da baki. Hausa ta rarraba su tsakanin bebe, mutum-mutumi, ɗan amshin shata da je-ka-na-yi-ka.

Mai nazarin Damargu yakan gamu da wannan ma'ana a fuska biyu. Ta farko ita ce sarauta. A Zinder, Nasara ne suka naɗa Amadu ɗan Bassa a 1899, suka tuɓe shi a 1906 bisa zargin makirci, suka danƙa ƙasa ga Ballama, ɗaya daga cikin babannin fada, sai a 1923 aka maido da sarautar. Yana da sauƙi a kira irin waɗannan homme de paille, mutumin kara. Mu dai muna ganin sunan ya yi gaggawa: a gaban kumandan ne ba su da baki, amma talakan da aka karɓi haraji da aikin dole daga hannunsa ya ji muryarsu sarai.

Damargu, ƙasar gundumomin Tanut da Belbeji na yau, ta sha bamban. Lokacin da ayarin Foureau da Lamy ya ratsa ta a Oktoban 1899, rumbun geron Abzin ce, manoma Hausawa da Dagra suna ba Abzinawa hatsi don neman kariya, kamar yadda Stephen Baier ya nuna a littafinsa na 1980. Mulkin mallaka kuwa yana bukatar suna ɗaya a kowane gari. A wurare da dama na Afirka ta Yamma, mutanen gari sun riƙa tura bawa ko wani maras galihu ya amsa sunan maigari, shi zai sha wulaƙanci, dattawa na yanke magana a zaure. Saboda haka sunan da ke cikin rajista bai isa hujjar cewa mai shi ne ke da iko ba.

Fuska ta biyu ta fi kusa da mu. A ƙididdigar tattalin arziki akwai dummy variable, a Faransanci variable muette, inda bebantakar asali ta sake fitowa. Mai auna amfanin gona yakan ba shekarar fari lamba 1, sauran shekaru 0. Dabara ce mai amfani, ba mu raina ta ba. Sai dai da ita 1973 da 1984 sun zama abu ɗaya, alhali manoma sun bambanta su. Yunwar 1984-85 an yi mata laƙabi da El Buhari, domin a Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai a 1986. Ga yanki irin Damargu, mai sauka kudu da dabbobi da ƴan ci-rani don samo hatsi, rufe hanyar Kano ya ƙara wa rashin ruwa nauyi. Lamba 1 takan haɗe illar fari da ta rufe iyaka cikin adadi guda, mai karatu kuma ya ɗora duka a kan damina.