Asalin Gidanmu Na Ƙasar Gwadabawa



Wata rana da dare a gidana na Sama Road, autana ya tambaye ni sunan kakan kakana, na yi shiru. Kunyar wannan ta kai ni ƙauyenmu na ƙasar Gwadabawa wajen gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage daga tsararsu.

Kamar yadda aka koya mana a aji, sarakunan Sakkwato sun tsare iyakokin daula da ribaɗi, wato garuruwan tsaro irin Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi har 1842. Ɗan Atiku, Ahmadu, ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, mazauninsa Cimmola. Ɗan Ahmadu kuwa, Marafa Muhammadu Maiturare, shi ya kafa Gwadabawa, ya tara jama'a suka sare daji, suka zama garkuwa daga arewa. Ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ɗansa Tambari ya gaje shi a 1924.

Wannan salsala tana rubuce, kowa ya san ta. Ta talakawan da suka riƙe gatari da fartanya kuwa tana bakin tsofaffi kurum. Gwaggo ta ce kakanmu Ba'adare ne, ya gangaro da jakuna biyu da matarsa, aka yanka masa daji, ya haƙa rijiya. Da damina noma, in an buga gangar yaƙi ya ɗauki kwari da baka. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, iyakar da suka shata da Faransa ta bar ƙanensa wajen Birnin Ƙonni. Jikokinsa 'yan Nijar ne, mu 'yan Nijeriya, alhali tsatso ɗaya ne.

Ta lissafa mini kakanni biyar, a na shida ta tsaya, ta ce wanda ya sani ya riga mu gidan gaskiya. Bayan wata huɗu ita ma ta bi shi. Allah ya jiƙansu.

Don haka ina roƙonku 'yan'uwa, duk mai tsoho a ƙauye ya je da biro da takarda tun bana. Allah ya sa mu dace, amin.