Kwabon Dalma da Jibin Ubangiji a Ƙasar Sikotilan

Tun zamanin da labari ya iske Manzo Bulus cewa mawadatan Korinti suna ci suna sha har su bugu a wurin Jibin Ubangiji alhali matalauta suna zaune da yunwa, ya kuwa rubuta musu cewa kowa ya binciki kansa kafin ya miƙa hannu ga gurasa da ƙoƙo, mabiya Almasihu ba su gushe ba suna neman hanyar da wannan muhasaba za ta tabbata. A shekarar 1215 majalisar malaman ikkilisiya da ta zauna a Lateran, cikin birnin Rum, ta wajabta wa kowane baligi furta zunubansa gaban limaminsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mutanen Sikotilan kuwa, da suka rabu da Paparoma a 1560, sun bar wannan hukunci, amma ba su yarda a zo Jibi da gafala ba.

Ga yadda suka tsara al'amarin. Da yake a yawancin garuruwa sau ɗaya ko biyu ake yin Jibi a shekara, idan lokaci ya gabato sai limami da dattawan ikkilisiya su jarraba jama'a, su ji ko mutum ya san Dokoki Goma da Addu'ar Ubangiji da shikashikan bangaskiya, su kuma kira maƙwabtan da ke gaba da juna su sulhunta su, domin ba a yarda mai riƙo a zuci ya zauna kusa da ɗan'uwan da yake ƙi ba. Wanda aka gamsu da shi sai a danƙa masa ɗan kwabon dalma, wanda aka buga wa haruffan sunan garin, wani lokaci har da na limamin da shekarar. Malamin Furotesta John Calvin ya nemi a yi haka a Janeba a 1560, mahukuntan birnin suka ƙi, amma al'adar ta kafu a Faransa da Sikotilan.

Sannu a hankali, a Sikotilan, hidimar ta zama ta kwana biyar: Alhamis azumi da tuba, Juma'a, musamman a yankin tuddai na arewa, tattaunawa kan alamomin imani na gaskiya, Asabar shiri, Litinin godiya. Ran Lahadi a shimfiɗa farin ƙyalle a kan dogayen tebura, sau da yawa a filin Allah, limami ya miƙe ya yi gargaɗi mai tsanani ga munafukai da masu riya, ya kuma kira masu karyayyar zuciya su matso, sa'an nan mutane su zo rukuni-rukuni, kowa ya sa kwabonsa a hannun dattijo. A garin Cambuslang, cikin watan Agusta 1742, an ƙiyasta taron da mutum 30,000, waɗanda suka zauna a tebur kuwa wajen 3,000 ne.

Sai dai al'adar ba ta kuɓuta daga aibi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska takan yi ƙarya, ga shi kuwa iyakar abin da dattijo ke gani ke nan. Saboda haka wani ya sami kwabo da haddar baki, wani kuma, mai tsoron Allah ƙwarai, ya tsufa bai taɓa kusantar teburin ba don ganin bai cancanta ba. Dukansu biyu sun kuskure manufa, gama Jibi na masu zunubi ne da suka san halinsu suka tuba.

A ƙarni na 19 katin takarda ya soma maye gurbin dalma, taron kwana biyar kuma ya ragu sai a tuddai da tsibirai. Wajibin da aka yi su dominsa yana nan, wato bawa ya tsaya gaban Mahaliccinsa da ikhlasi, ya ambaci laifinsa ba tare da kawo uzuri ba, ya nemi gafarar wanda ya zalunta, sa'an nan ya zo ya ci yana dogara ga rahamar Allah.