Daga Kuɗin Jana'iza Zuwa Bukin Tuta: Tarihin Ƙungiyar 'Ya'yan Norway

Tsakanin 1825 da 1925, mutum wajen dubu ɗari takwas suka bar Norway suka ƙetara teku zuwa Amurka, yawancinsu manoma da masunta da talauci ya koro. Da yawa sun yada zango a jihar Minnesota, inda sanyin ya yi kama da na gida. Suna tsaka da neman na kansu sai tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1893. Masana'antu suka rufe, aiki ya yi wuya, baƙo kuwa idan ciwo ya kwantar da shi ba shi da dangin da zai jingina da su, idan ya cika ma sai an yi karo-karo kafin a binne shi.

Wannan hali ne ya tara mutum 18 a birnin Minneapolis ranar 16 ga Janairu, 1895, suka kafa ƙungiyar da aka sani da Sons of Norway, wato 'Ya'yan Norway. Akasarinsu daga yankin Trøndelag suka fito, shi ya sa reshen farko ya ɗauki sunan Nidaros, tsohon sunan birnin Trondheim da ke wannan yankin. Bersvend Draxten ne shugabansu na farko. Tsarin nasu ya ɗan yi kama da adashi, sai dai ba a kwasa bi da bi: kowa ya zuba nasa, wanda ya kwanta rashin lafiya a ba shi dala 5 duk mako, wanda ya rasu a bai wa iyalinsa dala 100. Ba kowa ake karɓa ba. Sai namiji ɗan asalin Norway, mai shekara 20 zuwa 50, mai ƙoshin lafiya. Sharaɗin lafiyar nan yana da tsauri, amma asusu ƙarami ne, majinyata kaɗan sun isa su cinye shi.

Rassa suka yi ta ƙaruwa. A 1903 'yan Norway na birnin Seattle suka kafa nasu reshen mai suna Leif Erikson, kuma a 1910 ɓangaren yamma, wanda Seattle ke ciki, ya haɗe da na tsakiyar ƙasa, wato na su Minneapolis. Mata sun daɗe da tasu ƙungiyar daban, har zuwa 1950 da babban ɓangarenta ya shigo cikin ta maza.

Canji mafi girma bai zo da hayaniya ba. Jikokin waɗancan baƙi sun tashi da Turanci a bakinsu, harshen kakanni ya yi ta ja da baya har Turanci ya zama harshen taro. Ƙungiyar ba ta daina harkar inshora ba, amma abin da ke kawo mutane zauren reshe yanzu daban ne. Ana koyar da harshen Norway ga tsofaffin da suka ji shi a bakin kaka suka manta. Ana koyar da rosemaling, wato zanen furanni a jikin katako, da ɗinkin Hardanger, da raye-rayen gargajiya. Lokacin hunturu ana shirya liyafar lutefisk, busasshen kifi da ake jiƙawa a ruwan toka har ya yi laushi yana rawa a faranti. Su kansu masu cin sa suna yi masa ba'a saboda wari, amma layi ake yi. Ana haɗa shi da lefse, wata gurasa mai faɗi ta dankalin Turawa, wadda mata kan kwana biyu suna murzawa kafin ranar.

Babbar rana ita ce 17 ga Mayu, ranar da aka sa hannu a kundin tsarin mulkin Norway a Eidsvoll a 1814. A unguwar Ballard ta Seattle ana yin jerin gwano na gani na faɗa, yara riƙe da tutoci, manya sanye da bunad, kayan gargajiyar da kowane yanki ke da irin nasa ado. A 1966 aka kafa gidauniya don bai wa ɗalibai tallafin karatu. Yau akwai ɗaruruwan rassa a Amurka da Kanada, har da cikin Norway kanta, kuma an cire sharaɗin asali, duk mai sha'awar al'adun ƙasar yana iya yankar kati. Damuwar rassa da yawa a yanzu ita ce furfura ta yi yawa a zauren taro, shi ya sa suke buɗe sansanonin hutu na yara inda ake koya musu harshe da girki.