Daga Zugazugi Zuwa Matacin Iska: Tarihin Iska a Wurin Aikin Ƙarfe a Arewacin Kamaru

Gabatarwa

Mindif gari ne na Fulani da ke kimanin kilomita 25 daga Marwa, a lardin Mayo-Kani na Jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. An san shi da dogon dutsensa mai kama da haƙori. Mutanen yankin manoma ne da makiyaya, kuma tun zamanin da babu abin da ya raba su da ƙarfe, kama daga fartanya da lauje har zuwa linzamin doki. Wannan takarda za ta duba wani ɓangare na tarihin aikin ƙarfe da ba a cika kula da shi ba, wato iska. A da, matsalar maƙeri ita ce yadda zai tura iska cikin wuta. Da injuna suka zo sai matsalar ta juya, ta koma yadda za a fitar da gurɓatacciyar iska daga ɗakin aiki kafin ta shiga huhun ma'aikaci.

Zamanin Tama da Zugazugi

Kafin zuwan Turawa, wani ɓangare na ƙarfen da ake ƙira da shi a filayen Marwa yana gangarowa ne daga duwatsun Mandara, waɗanda ke kan iyakar Kamaru da Nijeriya. Al'ummomi irin su Mafa da Sukur kan tattara baƙin yashin tama a cikin rafuka bayan ruwan sama, su narka shi da gawayi. Murhun Mafa yana da ban sha'awa, domin daga sama ake hura masa iska ta wani dogon bututun yumɓu da ke sauka tsakiyar wutar. Masu zuga kan yi awoyi da yawa suna karɓar juna.

A ƙasar Hausa ma haka abin yake. An sami alamun narka tama a Dutsen Dala na Kano tun wajejen ƙarni na 7. Hausawa sun raba masu ƙira gida biyu: maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla. Kayan aikinsu sun haɗa da uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugin fatar akuya, kuma sun fi son gawayin ƙirya saboda ƙarfin wutarsa. Har kalmar zuga ta fita daga maƙera ta shiga maganar yau da kullum, inda ake cewa an zuga wane, wato an tunzura shi.

Hayaƙi da toka suna damun maƙeri, to amma rumfarsa a buɗe take. Yana ganin hayaƙin da idonsa, yana iya kau da kai, kuma iskar waje na kwashe shi.

Zuwan Injuna

Jamusawa sun kama Garwa a 1901, suka ci Marwa da yaƙi a 1902, sannan bayan Yaƙin Duniya na Farko yankin ya koma hannun Faransa. Da motoci suka yawaita sai tarkacen ƙarfe ya yi araha, maƙera suka koma ƙira da shi. Narka tama ya yi ta ja da baya har ya mutu a tsakiyar ƙarni na 20. A 1986 masu bincike suka roƙi wani tsohon maƙerin Mafa mai suna Dokwaza ya sake gina murhu ya narka tama, suka ɗauki aikin a fim domin tarihi.

A farkon shekarun 1950 kamfanin Faransa mai suna CFDT ya shiga bunƙasa noman auduga a yankin Kaele, hedikwatar lardin da Mindif take ciki a yau, tare da yaɗa garmar shanu. A 1974 aka kafa SODECOTON mai hedikwata a Garwa, a shekarar kuma jirgin ƙasa ya iso Ngawundare. Injunan gurzar auduga da na matse man angurya da manyan motoci duk suna bukatar gyara. Ta haka aka sami sababbin masu sana'a: makanikai da masu walda da masu injin sassaƙa ƙarfe. Wannan inji yana juya ƙarfe da sauri, wata kaifaffiyar wuƙa tana feƙe shi. Gogayyar tana haifar da zafi, saboda haka dole a riƙa kwarara masa mai, ko ruwan da aka gauraya da mai.

Hazon Mai

A 1883 Frederick Taylor ya nuna cewa idan ana kwarara ruwa a bakin wuƙar inji, saurin yanka zai ƙaru da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Da yake ruwa zalla yana sa tsatsa, sai aka koma ga mai da gaurayensa.

Sai dai idan mai ya taɓa ƙarfe mai zafi da ke juyawa, yakan tarwatse ya zama ƙananan ɗigo masu shawagi kamar hazon hunturu. Ana auna su da maikiron, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Waɗanda ba su kai maikiron 10 ba suna iya wuce hanci su shiga ƙirji. Ba kamar hayaƙin maƙera ba, wannan hazo sau da yawa ba a ganinsa sai hasken rana ya ratso ta taga, ko kuma a ga bango yana maiƙo.

An daɗe kafin a gane illarsa. A ƙarni na 20 likitoci a Ingila da Faransa suka lura da sankarar fata a jikin masu aiki da man da ba a tace sosai ba. Daga baya aka gano cewa ruwan da ya daɗe a tankin inji yana tara ƙwayoyin cuta, hazon kuma ya kai su huhu. Tsakanin 2003 da 2004 ma'aikata kimanin 100 suka kamu da asma da kumburin huhu a wata masana'antar injunan mota da ke Longbridge, a birnin Birmingham na Ingila.

Hanyoyin Tacewa

A Amurka, dokar da ta fara aiki a 1971 ta ƙayyade miligiram 5 na hazon mai a kowace mita ɗaya mai kusurwa huɗu da zurfi ta iska. A 1998 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar ta ba da shawarar a rage shi zuwa 0.5, wato kashi ɗaya cikin goma na adadin farko.

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko, fanka ta zuƙo iskar cikin wata ganga mai juyawa, ɗigon su haɗu su yi nauyi, man ya koma cikin tanki. Ta biyu, a sa wa ɗigon cajin lantarki su manne a jikin faranti, bisa dabarar da Frederick Cottrell ya ƙirƙiro a 1907. Ta uku, a bi da iskar ta cikin matacin zare. Ɗaya daga cikin mafi inganci shi ne HEPA, wanda aka samar a shekarun 1940, kuma yana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3. A duk hanyoyin ƙa'idar ɗaya ce: a rufe injin, a kama hazon tun a bakin wuƙa.

Kammalawa

Waɗannan na'urori suna da tsada, suna bukatar tsayayyar wutar lantarki da canjin mataci a kai a kai, abin da ke da wuya ga ƙaramin shago a Garwa ko Marwa ko Kano. Duk da haka akwai abin da mai shago zai iya yi: ya buɗe tagogi biyu masu kallon juna, ya sa fanka mai fitar da iska waje, ya riƙa canza ruwan tanki, ya kuma guji amfani da baƙin man mota wajen yanka ƙarfe. Rumfar maƙeri ta kare shi ne saboda ba ta da bango. Wanda ya gaje shi ya shiga ɗakin bulo da rufin kwano, tare da yaran da ke koyon aiki a hannunsa, don haka wajibi ne ya nemi hanyar da iska za ta fita. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.